Uku Waje, Biyu Ciki

Shekara talatin da ɗaya kakana Haladu
yana tayar da injin ban ruwa a gaɓar Nilu, nan Mai Wurno.
Ruwa malalaci ne, in ji shi.
Nuna masa gangara, ya raka ka har Khartum kyauta.
Ce masa ya hau tudu zuwa gonar albasa,
sai ya miƙo hannu: ina dizal?

Daren jiya ruwan jikinsa ne ya sami gangara.
Amai da gudawa, tun bayan isha'i.
Na mintsini fatar hannunsa,
ta tsaya tsaye, ta ƙi komawa.
Idanunsa sun faɗa kamar rijiyar bazara.

Na tafasa lita guda, na fifita ta huce.
Ƙaramin cokali shida na sukari,
rabin cokali na gishiri,
na ɗanɗana: kada ya fi hawaye zartsi.

Ya kau da kai.
Tulu ya huje, Sa'ade, kina ta ɗura?

Shekara biyu kacal na yi a Wad Madani
kafin a rufe mana ƙofar aji.
Littafin ya ɓata a hanya, amma shafin nan na haddace.
Na ce, Baba, buɗe baki, in ba ka labarin abokan aikinka.

Jikinka gari ne, gidaje ba iyaka,
kowane gida ƙwayar halitta, kowane da katangarsa.
A jikin katangar akwai ɗan inji da bai san Juma'a ba.
Ya damƙi ƙwayar gishiri uku, ya tura waje,
inda gishiri ya riga ya yi cunkoso.
Ya jawo 'ya'yan toka biyu ciki,
inda su ma ba masaka tsinke.
Sodiyam da fotasiyam muke ce musu a aji.
Fitar hawa ce, shigar ma hawa ce.

Ya haɗiye cokali ɗaya.
Wa ke zuba masa mai?

Kai mana. Kisrar da ka ci shekaranjiya,
ita aka ƙona, aka biya shi, juyi ɗaya kuɗi ɗaya.

To wahalar ta mece ce?

Ka san madatsar Sinnar.
Abin da aka tare, da ƙarfi yake neman hanya.
A hanjinka akwai wata ƙofa mai taurin kai:
gishiri shi kaɗai ba ta buɗe masa,
sukari shi kaɗai ba ta kallonsa,
sai sun zo tare.
Gishirin ya gangara ciki, ya goya sukari a baya,
ruwa kuwa, malalacin naka, ya bi sawunsu.
Cutar nan ta ɓalle ƙofofi da yawa,
wannan ce ba ta gani ba.

Cokali na ashirin. Na hamsin. Ya amayar.
Na jira kaɗan, na koma farko.
Abu ɗaya ban faɗa masa ba,
wanda malamarmu ta faɗa tana goge allo:
ranar da ciki da waje suka zama daidai,
ranar ake aika a haƙa kabari.

Na daina ƙirga lokacin da fitila ta mutu.

Gab da kiran assalatu ya motsa,
ya ce, cikin kunya, in miƙo masa tasa in fita.
Ban taɓa zaton sautin fitsari
zai sa ni zama a dokin ƙofa ina kuka ba.

Can ƙasa, bakin kogi, wani ya ja igiya.
Inji ya yi tari sau biyu, ya kama.
Baba ya kasa kunne daga kan gadon igiyarsa.
Bel ɗin nan ya saki, ya ce. Yaran nan ba sa ji.
Sannan ya buɗe baki da kansa
yana jiran cokali.